Sai Tawadar Ta Bushe

Litinin, 6 ga Janairu, ƙarfe bakwai na safe

Malama Ogino ce ta ɗora mana wannan aikin. Ta ce duk mai zuwa ajinta na rubutun buroshi ya nemi littafi, kullum ya rubuta takarda nawa ya ɓata da minti nawa ya yi yana niƙa tawada. Na ce mata ni ba ɗan firamare ba ne, shekara talatin da huɗu na yi ina tuƙa bas a garin Nara, na gaji da cike takardu. Ta ce ai shi ya sa hannuna yake gudu kamar ana jiransa a tasha. To ga littafin.

Takarda goma sha biyu. Niƙa: minti shida.

Wata goma ke nan da na fara. Matata Sumie ce ta kai sunana ɗakin taron unguwa ba da sanina ba, wai tun da na yi ritaya na zame mata ƙarfen ƙafa a kicin. Ba zan ɓoye ba, abin ya shiga raina. Akwai lokacin da buroshi zai sauka a takarda, ka danna, ka ja, ka ɗaga, ba ka jin komai a duniya sai shi. Niƙar ce ba na so. A zuba ruwa a dutse, a kama sandar tawada a yi ta gogawa kamar wanda ba shi da wurin zuwa, alhali ga ta kwalba nan a kanti.

'Yarmu Chizuru ta haihu ranar Juma'a. Mace. Sai ƙarshen Maris muke sa rai. Giram ɗari tara da sittin. Tana cikin akwatin gilashi, kuma kakanni ba sa shiga ɗakin.

Gobe akwai aji.

Talata, 7 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Surukina Naoya ya yi waya da safe. Sun zaɓi suna. Jibi ne kwana bakwai, kuma Chizuru ta ce ni take so in rubuta takardar suna, tunda yanzu na zama mai buroshi. Na ce masa ba matsala, kamar an ce in sayo gishiri. Da na ajiye wayar sai da na zagaya tsakar gida sau biyu.

Harafi ɗaya ne, ja goma sha bakwai na buroshi. Malama ta rubuta mini samfuri, ta gyara nawa da jar tawadarta. Gondo mai awara, wanda muke zama kusa da juna, ya leƙo ya ce, yarinyar da ta zo da wuri, kakan da ba ya jira, ai an ga inda ta gado. Na ce ya ji da nasa rubutun da yake kama da sawun kaza a cikin taɓo. Shekararsa shida a ajin, har yanzu layinsa na kwance hawan tudu yake yi.

Malama ta duba na gwaji, ta ce fasalin ba laifi, amma tawadar ta yi ruwa. Ta ce, “Malam Hamasaki, abin murna baƙa wuluk ake yi masa. Wannan mai toka-toka ta gaisuwar mutuwa ce.” Kamar ban sani ba. Wane ne bai sani ba? Tun muna yara ake faɗa mana ambulan ta'aziyya da tawada mai ruwa ake rubuta shi, wai hawaye ne suka zuba a dutsen. Na ce mata gwaji ne, ranar zan yi mai kyau.

Ba zan rubuta sunan a nan da biro ba. Sai ya hau takardarsa tukuna.

Takarda ashirin. Niƙa: minti takwas.

Laraba, 8 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Takarda talatin da ɗaya. Ja na goma sha ɗaya ne yake ba ni wuya. Wuyana ya sage.

Alhamis, 9 ga Janairu, ƙarfe shida na yamma

Na je. Na dawo.

Juma'a, 10 ga Janairu, tsakar rana

Takarda babu. Niƙa babu. Sumie ta ajiye mini shinkafa ta rufe da faranti, ta fita.

Asabar, 11 ga Janairu, ƙarfe uku na rana

An sallami Chizuru yau. Nan gida ta zo, kamar yadda aka shirya tun da ciki, ga shi kuma mun fi kusa da asibiti. Ita kaɗai ta zo, da jaka biyu da injin tatsar nono. Gadon jaririn da na haɗa a watan jiya Sumie ta lulluɓe shi da zane. Chizuru ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta ce ta dawo, ta wuce ɗakinta na da. Ba ni ta kalla ba.

Bari in rubuta abin da ya faru ranar Alhamis, ko zai bar kaina.

Da safe na niƙa tawada yadda ya kamata, amma na ɓata takardu biyar masu kyau, tawadar ta ƙare. Ƙarfe uku ake rufe ziyara. Sumie tana bakin ƙofa da rigar sanyi tana kira na. Na zuba ruwan famfo mai sanyi kamar ƙanƙara, na goga sandar minti huɗu, na rubuta guda biyu. Ta biyun, wallahi, ban taɓa rubutu irinsa ba. Tana ɗanya tana sheƙi, baƙa ce a idona. Na sa ta tsakanin jaridu na naɗe, muka fita da gudu.

A ɗakin akwai Chizuru a kan gado, da Naoya, da mahaifiyarsa da ta zo daga Wakayama. Na warware takardar a gabansu har da ɗan gyaran murya. Ta bushe a hanya. Launin toka.

Mahaifiyar Naoya ta sa hannu ta rufe baki. Chizuru ta karɓa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Baba, tana numfashi fa.”

Da na yi shiru da ya fi. Sai na ce ai tawada ce kawai, kada a mai da abu abin da ba shi ba. Ta ninke takardar gida huɗu, ta sa a jakarta, ta juya fuskarta bango. Sumie ce ta ja hannun rigata muka fito.

Tawada ce kawai. Ni na faɗi haka da bakina.

Lahadi, 12 ga Janairu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ƙarfe goma Chizuru take fita asibiti da nonon a jakar ƙanƙara. Na ɗauko makullin mota. Ta ce wa uwarta a gaya mini bas za ta hau. Ina tsaye a wurin, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Mai ɗinki a ciki, a wannan sanyi, tana tsaye a tasha, ni kuma da na yi shekara talatin da huɗu ina kai 'ya'yan mutane inda za su ina zaune da makulli a hannu.

Giram ɗari tara da goma. Sumie ta ce an ce haka suke yi da farko.

Litinin, 13 ga Janairu, ƙarfe biyu na rana

Na ɗauko ɗaya takardar da na rubuta ranar Alhamis. Ita ma toka. Na niƙa tawada mai kauri na bi kan kowane ja a hankali da bakin buroshi. Yanzu baƙa ce. Ba mai ganewa. Gobe zan nuna wa Malama, in ta ce ya yi, in tura ta ƙarƙashin ƙofar Chizuru.

Talata, 14 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Ta gane.

Ko daƙiƙa uku ba ta yi ba. Ta ɗaga takardar saitin taga, sai ga tsohon jan a ciki da sabon a kansa, kowanne da gefensa. Shekararta tamanin da ɗaya, tabaraunta kamar gindin kwalba, amma ta gani. Ta tambaye ni ranar farko me ta ce mana. Na ce, ba a komawa kan ja. Ta ce to me ya sa. Sai na faɗa mata komai, a gaban Gondo da matan nan uku. Ban yi niyya ba.

Gondo bai yi tsokana ba. Abin ya fi ba ni haushi.

Malama ta ce garin gyaran gira na so in rasa ido, domin da wannan ta shiga hannun 'yata, da na ƙara mata ƙarya a kan ciwo. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta buroshina. Duka biyun. Na ba ta. Ta shiga ciki ta fito da sandar tawada a naɗe cikin ƙyalle, aikin tsofaffin masu tawada na nan garin, ta ce ta fi shekara talatin a ajiye. Tsawonta kamar ɗan yatsana na tsakiya.

Ga dokar. Kullum da safe, minti arba'in. Ruwa mai ɗan ɗumi, kaɗan kaɗan. Kada in danna, nauyin sandar ya isa. In na gama in ɗiga ɗigo ɗaya a takarda, in zauna har ya bushe, in duba. Sannan in zubar, in wanke dutse, don tawadar da ta kwana ba ta da amfani.

Na ce, in niƙa in zubar? Har yaushe?

Ta ce, “Har sai an tambaye ka.”

Na ce in ba a tambaye ni ba fa? Ta ce to na koyi niƙa.

Laraba, 15 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

Niƙa: minti arba'in. Tabɗi. Na duba agogo sau goma sha tara. Ɗigon ya bushe launin ƙasa-ƙasa.

An hura wutar unguwa a filin wurin ibada, kowa ya kawo kayan adon sabuwar shekara da rubutunsa na farko don a ƙona, kamar kowace shekara. Na kai takardun gwajina na lokacin kaka, waɗanda babu sunan a ciki. Na Gondo iska ta ɗaga su har saman itace, wai hannunsa zai gyaru bana. Nawa suka ci wuta a ƙasa. Ya ce in yi haƙuri, mai haƙuri kan dafa dutse, ni kuwa an ba ni dutsen ma a hannu. Ya ba ni awara biyu in kai gida, ya ce mai shayarwa tana buƙata.

Chizuru ta ci. Sumie ba ta faɗa mata ni na kawo ba.

Juma'a, 17 ga Janairu, ƙarfe bakwai na safe

Minti arba'in. Giram ɗari tara da saba'in.

Lahadi, 19 ga Janairu, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Minti arba'in. Agogo sau huɗu.

Ashe tawadar tana da ƙamshi. Wata goma ina wannan abu ban taɓa ji ba. Sai wajen minti ashirin yake tasowa, kamar an buɗe tsohon akwatin tufafi. Kuma ƙarar tana canzawa. Da farko ƙaras-ƙaras, daga baya ta yi laushi, sandar ta fara ɗan manne wa dutsen kamar ba ta son rabuwa da shi. In ka ja ta sai ka ga hanya ta buɗe a bayanta, ta rufe a hankali. A nan ne ta yi.

Ɗigon yau ya bushe baƙi. Na kai shi taga na juya, akwai wani abu mai zurfi a cikinsa da ta kwalba ba ta da shi. Na zubar.

Giram dubu ɗaya da ashirin. Sumie ta faɗa tana wanke kwanuka, ba ta juyo ba.

Talata, 21 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Aji. Ina can baya da dutsena kamar wanda aka yi wa horo. Ai horon ne.

Tunda ba ni da buroshi sai na kalli Malama tana rubutu. Da ina kallon bakin buroshin ne kawai. Yau na ga tana yin numfashi kafin ta sauke, kuma jan ba daga yatsu yake fitowa ba, daga gwiwar hannu ne, har da baya. Na ga inda take barin fari a takarda da gangan. Harafi ɗaya ta rubuta, na kusa minti goma ina kallonsa.

Gondo ya ce sabon ma'aikacin niƙa ko zai taimaka masa da waken suya. Na ce ya kawo, in haɗa da kansa.

Alhamis, 23 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Tsohon nan mai gyaran keke na ƙarshen layi ya rasu. Sumie ta kawo ambulan ta'aziyya ta ajiye a gabana, ta ce in aro buroshi wurin Gondo in rubuta sunanmu, minti biyar ya isa tunda mai ruwa ake so.

Na ce ba za a niƙa irin wannan tawadar a gidan nan ba.

Ta ce, “Baban Chizuru, maƙwabcinmu ne na shekara arba'in.” Na ce ko ubana ne. Ta ce yanzu kuma na san ba tawada ba ce kawai? Wannan ta shige ni. Na ɗaga murya, na ce ta je kanti ta sayo alƙalamin da ake sayarwa don haka, ta rubuta a can, kada ta shigo mini da shi. Na buga tebur har kofin shayi ya tuntsure. Ba halin kirki ba ne, na sani, hali kuwa zanen dutse.

Da na juya, Chizuru tana tsaye a ƙofar kicin da kwalaben nono a hannu. Ban san tun yaushe ba. Ta sa su a firji ta koma.

Sumie ta je kanti. A kan benci a bakin kantin ta rubuta.

Asabar, 25 ga Janairu, ƙarfe bakwai na safe

Minti arba'in. Giram dubu ɗaya da talatin. Jiya ma haka. Shekaranjiya ma haka.

Lahadi, 26 ga Janairu, ƙarfe shida na yamma

Likita ya ce yana son ganin iyayen biyu tare. Naoya ya zo daga Osaka. Sun daɗe. Da suka dawo ya zauna da mu a teburin ɗumi mai hita a ƙasa, ya riƙe sandunan cin abinci, bai ci ba. Ya yi bayani da zane a bayan ambulan. Na gane abin da ya ce. Ba zan rubuta ba.

Yaron kirki ne. Da zai tafi ya sunkuya ya ce in yi haƙuri da ita. Ni ake ba haƙuri.

Litinin, 27 ga Janairu, ƙarfe bakwai na safe

Ɗakin da nake niƙa bango ɗaya ne da na Chizuru, bangon kuma na katako ne. Ƙarfe shida injinta yake tashi. Shuu, tak. Shuu, tak. Ni kuma ina nan ina gogawa. Yau na lura hannuna ya bi ƙarar injin ba tare da na sa shi ba. Nata yakan tsaya bayan minti ashirin. Ba na jin ta tashi sai na wanke dutse.

Wataƙila barci take komawa.

Talata, 28 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Malama ba ta tambaye ni komai ba. Ta karɓi sandar, ta auna da yatsanta, ta duba ƙasanta. Ta ce da ina cinye gefe ɗaya, yanzu ta miƙe sak. Ta miƙo mini ƙaramin buroshin da babban, a naɗe, ta ce ba don in yi amfani da su ba ne, don su kasance a gida.

Na sa su a saman kabad.

Laraba, 29 ga Janairu, ƙarfe uku na rana

An sa ranar tiyatar jaririyar. Juma'a. Ƙarfe goma da rabi za su shiga da ita. Iyaye su zo kafin goma.

Alhamis, 30 ga Janairu, ƙarfe bakwai na safe

Minti arba'in. Ban duba agogo ba. Ina tsoro.

Juma'a, 31 ga Janairu, ƙarfe goma sha biyu na rana, a kujerun jira na asibiti

Sun shiga da ita. An ce awa biyu ko uku. Sumie tana saƙa abin da ba na jin ta san mene ne. Ni ina rubutu don hannuna ya samu abin yi.

Na niƙa ƙarfe shida kamar kullum, na duba ɗigo, na zubar, na wanke dutse. Ƙarfe takwas da kwata ina zaune ina kallon bango aka ja ƙofa. Chizuru ce, ta riga ta sa rigar fita. Ta durƙusa a bakin tabarma. Ta ce kowane akwati a ɗakin akwai takardar suna a manne a gefensa, na 'yarta ne kaɗai babu sai katin asibiti mai lamba.

Ta ce, “Ba na so ta shiga da lamba. Baba, ka rubuta.”

Kwana ashirin da biyu ke nan ba ta ce mini Baba ba.

Na ce na riga na zubar da ta yau. Ta ce ta sani, ta ji lokacin da na wanke dutsen, kullum tana ji. Ta ce tun ƙarfe shida take son shigowa, ƙafarta ta ƙi.

Kaina ya yi lissafi da kansa, aikin direba. Niƙa arba'in, tara saura biyar. Ɗigo ya bushe, tara da biyar. Rubutu, bushewa minti ashirin, tara da rabi. Hanya minti ashirin da biyar in danja ta yi mana kirki. Babu wurin kuskure, babu takarda ta biyu. Akwai tawadar kwalba a aljihun tebur, baƙa ce, minti ɗaya ta isa. Na tuna da ita. Ban buɗe aljihun ba.

Na ɗumama ruwa. Na fara. Ta zauna a gefena. Wajen minti ashirin ta ce ashe ƙamshi gare ta. Na ce ni ma kwanan nan na sani. Sumie ta leƙo sau ɗaya, ta koma.

Ɗigon ya bushe baƙi. Na sauko da buroshi. Kwana goma sha bakwai ban taɓa shi ba. Na shimfiɗa takarda, na danne ta da ƙarfe, na yi numfashi kamar yadda na ga Malama tana yi. Ja goma suka tafi lafiya. A na goma sha ɗaya hannuna ya yi rawa, jan ya ɗan karkace a tsakiya, kowa zai gani. Buroshin yana sama, tawada tana bakinsa, taɓawa ɗaya za ta rufe wurin. Na wuce na goma sha biyu.

Na rubuta ranar haihuwa da sunayen iyaye a gefe da ƙaramin buroshi. Tara da goma.

Sai jira. Takardar tana sheƙi, baƙa a ido, kamar waccan. Sumie tana bakin ƙofa da makulli. Tara da ashirin. Chizuru ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Ta ce a kai ta gaban hita. Na ce za ta yamutse. Ta ce a sa ta cikin jarida.

“Baba, za mu makara.”

Na ce, “Sai ta bushe.”

Ni, Hamasaki Tokuji, da ban taɓa barin tasha da jinkirin minti ɗaya ba. Na ɗora hannuwana a kan gwiwa. Muka zuba wa takardar ido mu biyu, sheƙin yana ja da baya daga gefe zuwa tsakiya. Wurin da ya fi kauri shi ya fi daɗewa. Tara da talatin da uku ya bushe. Na kai ta taga. Baƙa wuluk.

Chizuru ta shiga motar ba tare da an ce ta shiga ba. Ta riƙe takardar a kwance a kan cinyarta har asibiti. Goma saura biyu na tsaya a bakin ƙofa, ta fita da sauri, Naoya yana jiranta. Na taka danja ɗaya tana kan canzawa. A rubuta mini laifin.

Naoya ya fito daga baya ya ce ma'aikaciyar jinya ta sa takardar a leda mai tsabta, ta manna a gefen akwatin, kuma da aka turo jaririyar, da sunan aka turo ta.

Sha biyu da rabi yanzu.

Juma'a, ƙarfe biyu da kwata na rana

Likita ya fito. Ya cire hula. Ya ce an gama, yanzu sai a ga yadda kwana biyu za su kasance.

Asabar, 1 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

Minti arba'in. Wayar gida ba ta yi ƙara ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

Minti arba'in. Ba ta yi ƙara ba. Ni na kai Chizuru asibiti jiya, yau ma ni zan kai ta.

Talata, 4 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Giram dubu ɗaya da ɗari da goma. Daga bakin Chizuru na ji, a mota, ba ta hannun Sumie ba. An rage bututu ɗaya. Jaririyar ta buɗe ido jiya, an ce ta yi ta harbin iska da ƙafa kamar tana da inda za ta. Chizuru ta ce wannan kam ba a wurin Naoya ta ɗauko ba.

Ta turo mini hoto a waya. Ga akwatin, ga takardar a gefe, ga wata ƙafa da ba ta kai babban yatsana ba. Na nuna a aji. Gondo ya cire tabarau ya goge ya ce ɗakin nan hayaƙin hita ya yi yawa. Malama ta faɗaɗa hoton da yatsu, ta daɗe, ta ce ja na goma sha ɗaya ya yi rawa. Na ce na sani. Ta ce ban koma kansa ba. Na ce a'a. Ta ce in dawo kujerata ta gaba, kuma sandar tawa ce, abin da ya rage a cikinta. Ba ta fi rabin yatsa ba.

A hanyar dawowa daga asibiti na tambayi Chizuru waccan takardar, in za ta ba ni in san yadda zan yi da ita. Ta ce tana jakarta tun ranar, ta kasa jefarwa saboda sunan, ta kasa buɗewa saboda launin. Ta ce yanzu ba za ta ba ni ba. Za ta ajiye, in yarinyar ta girma ta nuna mata duka biyun, ta ga irin kakan da Allah ya haɗa ta da shi.

Na ce ta nuna mata. Sai da na tsaya a gefen hanya na ɗan lokaci, wai ina gyara madubi.

Takarda ɗaya. Niƙa: minti arba'in.

Sunanta Tamaki.